Jirgin da aka yanka don a rayar da ɗan'uwansa: Type 42 da matsalar kayan gyara

Injiniya_Panteka: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya na ci karo da hoton wani jirgin yaƙin Ajantina kwance a kan haƙarƙarinsa a bakin tasha, rabinsa cikin ruwa. Sunansa Santísima Trinidad, ya kife a sansanin Puerto Belgrano a watan Janairun 2013. Ba a harbe shi ba, ba guguwa. Abin da na fahimta shi ne jirage biyu iri ɗaya Ajantina take da su, ƙirar Birtaniya da ake kira Type 42, wannan da wani mai suna Hércules. Da aka yi yaƙin tsibiran Falkland tsakanin Ajantina da Birtaniya a 1982 Birtaniya ta hana su kayan gyara, sai suka riƙa kwance na Trinidad suna ɗaura wa Hércules har ya zama kwangiri. Tambayata ga masana: wannan dabara ce ko ɓarna? Ni dai a sana'ata na sha yanka mota don a tayar da wata, amma jirgin yaƙi sukutum?

Malam_Tarihi: Wa alaikumus salam Injiniya. Ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Guda 16 aka ƙera gaba ɗaya, 14 na sojan ruwan Birtaniya, 2 na Ajantina. Aikinsu na asali kare ayarin jiragen ruwa daga farmakin sama, da makami mai linzami da ake kira Sea Dart. Na farkonsu shi ne Sheffield, Sarauniya Elizabeth ce ta ƙaddamar da shi a 1971, ya fara aiki a 1975. Hércules a Barrow aka ƙera shi, a masana'antar Vickers, wuri ɗaya da Sheffield. Shi kuwa Trinidad a gida Ajantina suka haɗa shi, a Río Santiago, da zanen Turawan Ingila.

Ga abin da zai ba ka dariya tunda kai mutumin sifiya ne. Ana cikin ƙera Sheffield aka samu fashewa a jikinsa, ma'aikata biyu suka mutu, wani sashe na gangar jikin ya lalace. Da me aka cike gurbin? Da sashen da aka tanada don Hércules. Ka ga kenan tun a ranar farko Ingila ce ta fara cin kayan Ajantina.

Injiniya_Panteka: Kai Malam! Ashe abin gado ne.

Uwar_Biyu: Ku yi haƙuri da ni, ni ɗaliba ce a nan. Shi irin wannan jirgi me ake ce masa da Hausa? Gidajen rediyo kowane sai su ce jirgin ruwan yaƙi, babba da ƙarami.

Abu_Sadik92: Hajiya, marugurguji za mu ce masa.

Malam_Tarihi: Abu ka bar tsokana. Hajiya, Turawa na ce masa distiroya, a tsarin yau kuma shi ne ɗan rakiya mai ƙarfi: ya fi wani jirgin yaƙin da ake kira firget girma da makamai, amma bai kai mai ɗaukar jiragen sama ba. Kamar dogarin sarki ne, yana gaba yana gefe, shi ake fara samu. Mu dai mu ce distiroya mu huta.

Tsohon_Ruwa: Ni na yi shekaru a ɗakin injin jiragen dakon kaya, ba na yaƙi ba, amma ruwan gishiri bai san bambanci ba. Injiniya, amsar tambayarka tana ga yadda aka kwance kayan, ba ga kwancewar ba. Mota in ka cire mata injin ka jingine ta a kan duwatsu, shekara goma tana nan, sai dai kaji su yi ƙwai a ciki. Jirgi kuwa a kan abokin gabarsa yake zaune dare da rana. A ƙasansa akwai ƙofofin da ruwan teku ke shigowa don sanyaya inji da kashe gobara. Kowace ƙofa da bawul ɗinta da bututunta. In ka cire famfo, dole ka toshe bakin bututun da faranti na ƙarfe, ka ɗaure noti ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta a littafi.

Na taɓa shiga wani jirgi na kamfanin da na yi wa aiki, an ajiye shi ana cin kayansa don ɗan'uwansa. Na sauka ƙasa da tocila, ba wuta, sai wari irin na tsohuwar rijiya. Na haska wani bututu da aka cire wa famfo, wallahi tsumma aka cusa a bakinsa aka ɗaure da waya. Tsumman ya jiƙe sharkaf yana ɗiga, ɗis, ɗis. Bawul ɗaya tak ke tsakaninmu da teku, shi ma tsatsa ta ci hannunsa. Famfon da zai kwashe ruwan in ya taru, shi ma an ɗauke shi tun tuni. Na hau sama na ce wa shugabanmu ko dai a turo masu gadi da famfo, ko a kai shi wurin masu yanka tun yana da daraja. Abin da aka ce ya kifar da Trinidad ke nan, bututu ya fashe, ruwa ya fi ƙarfin abin da ya rage a cikinsa.

Injiniya_Panteka: Allah ya ƙara girma Baba. Wato kana nufin cire kayan ba laifi, sakacin bayansa ne laifi.

Tsohon_Ruwa: Haka nake nufi ɗana. Wanda ya yanka rago ba ya barin fatar a tsakar gida ta ruɓe.

Mai_Gardama: Ni ban yarda ba. Laifin tun daga ranar ciniki ne. Ƙasar da kuke jayayyar tsibiri da ita tun 1833, ita za ka je ka sayi makami a hannunta? Wanda kuke rikicin gona da shi ba ka ba shi ajiyar fartanyarka. Duk abin da ya biyo baya, su suka saya da kuɗinsu.

Malam_Tarihi: Mai_Gardama, ka duba zamanin. A 1970 aka yi cinikin, lokacin dangantakarsu lafiya lau, ana ma zaman tattaunawa kan tsibiran. Sojan ruwan Ajantina sun daɗe suna sayen kaya a Ingila. Jirginsu mai ɗaukar jiragen sama, Veinticinco de Mayo, shi ma asalinsa ƙirar Birtaniya ne, ta hannun Holan suka same shi. Ba wanda ya hango cewa gwamnatin soja ta Janar Galtieri za ta afka wa tsibiran bayan shekara 12. Kuma ka sani, shi wannan Trinidad ɗin da muke jimami, yana cikin jiragen da suka jagoranci mamayar, daga cikinsa kwamandoji suka sauka a daren wayewar 2 ga Afrilun 1982.

Mai_Gardama: To ka ga ni. Ka ɗauki jirgin mutum ka je ka ƙwace masa gida, sannan ka dawo kana neman ya sayar maka da noti.

Dan_Maradi: Hahaha wannan magana ta zauna. Amma wani abu nake so a warware min. Idan ɓangarorin biyu suna da jirgi iri ɗaya sak, ta yaya matuƙin jirgin sama zai gane nasu daga na abokan gaba?

Malam_Tarihi: Tambaya mai kyau. Fenti suka sa. 'Yan Birtaniya suka ja baƙin layi mai faɗi daga bututun hayaƙi har zuwa bakin ruwa a jikin nasu, suka kuma zana tutarsu a rufin ɗakin tuƙi. Amma babbar illar ba a nan take ba. Tunda Ajantina na da irin jirgin, tana da irin radarsa. Matuƙan jiragen saman yaƙin Ajantina, Super Étendard, suka yi ta atisaye a kan nasu Type 42 ɗin, har suka gane yadda za su taho ƙasa-ƙasa dab da ruwa rada ba ta gan su ba, su ɗago kaɗan su duba, su sake nutsewa. Da wannan karatun suka samu Sheffield ran 4 ga Mayu da makamin Exocet. Mutum 20 suka mutu, jirgin ya nutse ran 10 ga wata ana jan sa. Ran 12 ga Mayu bam ya huda Glasgow, shi ma Type 42, ya fita ta ɗaya gefen bai tashi ba. Ran 25 ga Mayu jiragen saman Skyhawk na Ajantina suka saukar wa Coventry, wani Type 42 ɗin, bama-bamai, ya kife cikin mintuna, mutum 19 suka tafi.

Abu_Sadik92: Ai Sheffield don da alminiyam aka yi shi ne ya narke kamar tukunyar 'yan gwangwan.

Kyaftin_Zango: Abu, wannan tatsuniya ce da jaridu suka yaɗa tun lokacin. Ginin saman Sheffield ƙarfe ne. Masu alminiyam a sama su ne firget ɗin Type 21, irin su Ardent da Antelope, shi ya sa aka cakuɗa labarin. Abin da ya ci Sheffield gobara ce da hayaƙi. Makamin ya fasa babban bututun ruwan kashe gobara, aka rasa ruwan da za a yaƙi wutar da shi. Rigar wayoyin lantarki na ci tana fitar da hayaƙi mai guba, kayan sawar matuƙan ma masu roba-roba ne, suna narkewa a fata. Sannan a daidai lokacin suna aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, na'urar ta toshe kunnen wadda za ta jiyo radar jirgin da ke tahowa. Har yau ma ana gardama ko kan makamin ya fashe ko man rokar ne kawai ya kunna wutar.

Abu_Sadik92: Na karɓi gyara Kyaftin. A wani bidiyo na ji.

Kyaftin_Zango: Ba komai. Tunda maganar sifiya ake, su ma Super Étendard ɗin guda 5 kacal Faransa ta kai wa Ajantina kafin ta dakatar, da Exocet 5. Ɗaya daga cikin jiragen ajiye shi suka yi suna cirar kayansa don huɗun su tashi. Huɗun nan su suka ci Sheffield, suka ci jirgin dakon kaya na Birtaniya, Atlantic Conveyor. To Injiniya, a nan dai yankan ya biya.

Injiniya_Panteka: Wannan na gane shi, yaƙi ne na 'yan makonni, ka ci ɗaya ka tsira da huɗu. Amma ɗaya cikin biyu fa? Rabin dukiyarka ke nan. Na yi aiki da wani Alhaji mai tireloli biyu ƙira ɗaya. Giyar ɗaya ta lalace, ya ce a ara daga ɗayar kafin kaya su iso daga Legas. Daga aron giya sai kik, sai lagireto, sai tayoyi, direbobi ma kowa ya zo wucewa ya cire madubi ko fitila. Ranar da giyar ta iso babu motar da za a ɗaura wa. Bayan shekara biyu mai tafiyar ta buga inji, muka koma wajen matacciyar, sai muka tarar ruwan sama ya shiga silinda don an cire murfi ba a rufe ba. Ya tashi ba tsuntsu ba tarko.

Uwar_Biyu: Kalmar nan "ara" ita ce masifar. Ko a kicin haka ne, murfin tukunyar da aka ara ba ya komawa kan tukunyarsa.

Tsohon_Ruwa: Hajiya kin gama magana. Amma Injiniya, Alhajinka yana da Ladipo da Ƙofar Ruwa, in ya ga dama ya aika Kwatano. Su waɗannan ba su da kasuwa. Injinan Rolls-Royce ne a ciki, masu aiki kamar na jirgin sama: Olympus biyu na gudu, Tyne biyu na tafiyar yau da kullum. Olympus ɗin nan danginsu ɗaya da injin jirgin saman fasinja Concorde. In aka sake su jirgin na yin wajen kilomita 55 a awa, a kan ruwa wannan gudu ne na fitar hankali. Irin wannan inji ba a buɗe shi a ɗakin inji da sufana. Yana cika awanninsa sai a zaro shi ɗungurungum ta sama, a zura wani, a mayar da tsohon masana'anta. In masana'antar ta rufe maka ƙofa fa? Fikafikan cikinsa ba abin da mai walda zai ƙera ba ne, ƙarfe ne na musamman da ke jure zafin da zai narkar da ƙarfen gari.

Dan_Maradi: Iran fa? Ai tun 1979 Amurka ta hana su kayan jiragen saman yaƙi F-14 amma suka yi shekaru suna tashi da su.

Kyaftin_Zango: Su ma yankan suka yi ta yi, da fasa-ƙwauri, da ƙera wasu a gida. Kuma guda 79 suka karɓa. Mai garke yana iya yanka, mai akuya biyu ne abin tausayi.

Mai_Gardama: Sai ku dawo kan maganata. Bayan haka sun koyi hankali?

Malam_Tarihi: A nan kam zan ba ka rabin gaskiya. Tun kafin yaƙin sun ba Jamus kwangilar sababbin jirage huɗu, ƙirar MEKO 360 daga kamfanin Blohm + Voss na Hamburg, su Almirante Brown. Jiki na Jamus, amma ka buɗe ɗakin inji, Olympus da Tyne ne dai na Ingila. Ɗaya daga cikinsu, Heroína, ya yi shekaru a ɗaure saboda wani babban haƙorin giyarsa da aka aika Ingila gyara ya maƙale a can, takunkumi ya hana a dawo da shi. An gudu ba a tsira ba.

Zainabu_Apapa: Ina ta karatu ban sa baki ba, amma da na ga MEKO 360 dole in yi magana. Ai namu Aradu na sojan ruwan Najeriya shi ne na farko a wannan ƙirar, a Hamburg ɗin aka yi shi, ya fara aiki a 1982. Ga suna na Hausa tsantsa. Shi ma Olympus biyu ne ke ba shi gudu, sai dai na tafiyar yau da kullum dizal ne na MTU. Ya je Ingila a 2005 bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar. Amma duk mai bin ruwan Legas ya san shekarun da ya yi a ɗaure sun fi waɗanda ya yi yana yawo. Kuma shi tilo ne, ba shi da ɗan'uwan da za a yanka masa.

Abu_Sadik92: Na rantse da aradu ban san haka ba.

Uwar_Biyu: Abu, Musulmi ba ya rantsuwa da aradu, ka yi istigfari.

Abu_Sadik92: Astagfirullah Hajiya, jirgin nake nufi.

Injiniya_Panteka: To kun ga Malama Zainabu ta kawo wani gefen. Mai biyu ya yanka ɗaya, mai ɗaya ya zauna jira. Su masu abin fa, Turawan Ingila, da suke da masana'anta a bayan ɗaki, su ma suna yanka?

Kyaftin_Zango: Sosai ma. Birmingham, ɗaya daga cikin Type 42 ɗinsu, da ya yi ritaya a 1999 sai da aka kwashe kayansa aka raba wa 'yan'uwansa kafin a sayar da gangar jikin. Haka aka yi ta yi, duk wanda ya sauka ya ciyar da na baya, har zuwa Edinburgh, na ƙarshe, da ya ajiye aiki a watan Yunin 2013. Ka lura, shekarar da Trinidad ya kife ita ce shekarar da Birtaniya ta rufe babin. Yawancinsu a Aliağa ta Turkiyya aka yayyanka su. Bambancin shi ne nasu sai jirgi ya ci shekarunsa ake taɓa shi. Trinidad kuwa a 1981 ya fara aiki, kafin ƙarshen shekarun 1980 ya daina fita teku. Ko shekara goma bai yi ba. Tun ma yana kan ƙira, a 1975, 'yan tawayen Montoneros suka dasa masa bam a ƙarƙashi, abin da ya ja masa jinkiri. Jirgin nan bai zo duniya da sa'a ba.

Malam_Tarihi: Kuma kada a ɗauka Type 42 ɗin ba su taɓuka komai ba sai nutsewa. A yaƙin Tekun Fasha na 1991, Gloucester ya kakkaɓo makamin Silkworm na Iraƙi da aka harbo wajen jirgin Amurka Missouri, da Sea Dart ɗin nan dai. Liverpool kuma ya yi ta ɓarin wuta a gaɓar Libiya a 2011. Abin da ya cuce su tun farko tsumulmular baitulmali ce, aka gajarta su don a rage kuɗi, tsawon mita 125, ba wurin ƙara makaman kare kai na kusa, gaba kuma na shan ruwa in teku ta tashi. Huɗun ƙarshe, Manchester da Gloucester da Edinburgh da York, sai da aka ƙara musu tsawo suka kai mita 141.

Mai_Gardama: Magadansu Type 45 ma ai an sha kunya. Daga 12 da aka yi niyya aka ƙare da 6, suna shiga ruwan ɗumi na Tekun Fasha wuta na ɗaukewa kamar muna unguwarmu.

Tsohon_Ruwa: Wannan gaskiya ne, na'urar sanyaya iskar injin ce ta ba su matsala. Maganin da suka yi, huda cikin jirgin aka yi aka fitar da janareto biyu aka zura uku da suka fi ƙarfi. Amma wannan ciwon zane ne, ba na rashin sifiya ba, kada mu haɗa.

Dan_Maradi: Shi Hércules da aka yi wa wannan sadaukarwa, ya amfana kuwa?

Kyaftin_Zango: Ya ƙara shekaru yana fita, amma ba a matsayin da aka saye shi ba. Wajen shekarar 2000 aka kai shi Chile aka sake masa fasali, aka faɗaɗa wurin saukar helikwafta, ya koma jirgin jigilar sojoji mai sauri. Sea Dart ɗin da aka saye shi dominsa ya zama tarihi.

Mai_Gardama: Wato an yanka doki don a ciyar da doki, wanda aka ciyar kuma ya koma jan amalanke.

Tsohon_Ruwa: Amalanken da ke tafiya ya fi dawakai biyu a kwance. Da ba su yanka ba da duka biyun sun tsaya tun kafin 1990.

Injiniya_Panteka: Baba ni har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Da ni ne da wuƙa da nama, ranar da na yanke shawarar cin Trinidad, a busasshiyar tasha zan sa shi, in kwance komai a jere, in shafa giris in naɗe in sa a sito da lamba, gangar jikin in sayar. Ba in bar shi shekara ashirin da ɗoriya a kan ruwa ana cewa za a mayar da shi gidan tarihi ba.

Zainabu_Apapa: Injiniya, wa zai sa hannu a takardar yanka jirgin da ya kai sojoji Malvinas, kamar yadda suke kiran tsibiran Falkland? A wurinsu fa ba ƙarfe ba ne kawai. Shi ya sa ma bayan ya kife suka kashe kuɗi suka tayar da shi a 2015.

Injiniya_Panteka: Alhajina ma haka ya ce, wai tirelar ita ce motarsa ta farko, ba zai sayar wa 'yan gwangwan ba. Tana nan a bayan gareji, bishiyar maina ta tsiro ta tsakiyar sasi.

Uwar_Biyu: Baba Tsohon_Ruwa, jirgin nan mai tsumma a bututu, ya aka ƙare da shi?

Tsohon_Ruwa: An turo famfo ɗaya da mai gadi ɗaya, 'yata. Famfon ma bayan wata biyu aka zo aka are shi.